Ranin da Ruwan Tiga Ya Cinye

Shekarar manomin ƙasar Kano a da rabe take gida biyu. Daga faɗuwar ruwan shuka har a ɗaure damin ƙarshe, lokacin gona ne: shuka, firi, maimai, girbi. Da an kai amfani rumbu sai a jingine fartanya da garma a bayan ɗaki. Sauran wata shida ko bakwai na shekara, a cikinsu ne mutum yake komawa ga abin da ya gada, wannan masaƙi, wancan marini, wani maƙeri ko majemi ko magini, wani mafarauci, wani makaɗi. Babu wanda yake cewa yau za a koya wa yara al'ada. Yaro dai yana gindin ubansa, ana aikensa ɗebo ruwa, ana ce masa riƙe nan, ana ƙwace abu daga hannunsa in ya ɓata, har wata rana a waiwaya a ga hannun nasa ya faɗa. Rani shi ne makarantar. A cikinsa ake dambe da kokawa da kalankuwa, a cikinsa ake bukukuwan aure, kuma da darensa ne, musamman in sanyin hunturu ya kora yara ɗaki, tsofaffin mata suke buɗe bakin tatsuniya suna murza mazari.

Na taso a Kumbotso, amma dangin mahaifiyata mutanen Kura ne, don haka hanyar Zariya, daga Na'ibawa a haye gadar Tamburawa a wuce Ƙarfi, ta zame mini hanyar gida. Abin da na daɗe ina lura da shi a wannan yanki shi ne, ba rediyo ko waya ce ta fara raba yara da gadon iyayensu ba, ko da yake su ake yawan ɗora wa laifi. Lokacin koyon ne ya fara ɓacewa, kuma abin da ya ɗauke shi alheri ne wanda babu mai hankalin da zai ce a mayar da shi.

Kafin a san Kura da shinkafa da tumatir, da shuni aka san ta. Rawanin nan baƙi wuluk mai sheƙi, wanda ake kira ɗan Kura, sunan garin ya ɗauka, ya kai shi Agadas da Azbin, ya tsallaka har Timbuktu da ƙasashen Larabawan hamada. Buzu bai cika namiji ba sai ya naɗa turkuɗi, kuma turkuɗin da yake alfahari da shi na ƙasar Kano ne. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya sauka Kano a 1851 ya rubuta cewa arzikin birnin a kan saƙa da rini ya tsaya, ya kuma yi mamakin yadda sana'ar take a gidajen mutane da ƙauyuka maimakon manyan masana'antu irin na Turai. Bayan shekara ɗari da ɗoriya, Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi digirinsa na uku a kan wannan ciniki na rinannen tufafi a ƙarni na 19, ya nuna cewa nauyin aikin a garuruwan kudancin Kano yake, irin su Kura, birni kuwa kasuwa ce da masauki. Duk wanda ya ɗauka tarihin rinin Kano ya fara ya ƙare a marinar Ƙofar Mata ta cikin birni, bai leƙa karkara ba.

Turkuɗi guda ɗaya hannaye da yawa ne. Manomi ya noma auduga da baba. Mata su gurje audugar a kan magurji su fitar da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare siriri. Masaƙi ya shimfiɗa zarensa a inuwa, ƙoshiya tana kai da komo, ya fitar da sawu ɗan siriri wanda faɗinsa bai wuce na yatsa ɗaya ko biyu ba. Wasu su zauna su harhaɗa sawayen nan da allura, ɗaya bayan ɗaya, har su zama mayafi. Daga nan sai karofi, daga karofi sai gidan bugu, daga gidan bugu a naɗe a takarda a ɗaure, dillali ya kai wa fatoma, ayari ya ɗauka. In an cire mutum ɗaya daga wannan jeri, sauran duk sun tsaya.

Karofi kansa ilimi ne mai zurfi, ba rami da ruwa kaɗai ba. Ramin, wani ya fi tsayin mutum biyu, shafe yake da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Lason nan kuwa daga cikin marinar yake fitowa: in baban rami ya mutu, sai a kwashe katsin da ya kwanta a ƙasa, a cuccura shi, ya bushe, a ƙona, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara, ya zama abin da ya riga sumunti shigowa ƙasar nan, har magina suna shafe soraye da shi. Wani kason katsin kuma ya koma cikin sabon haɗi tare da toka da busasshen baba. A zuba ruwa, a bar shi ya ruɓa, a riƙa motsawa da doguwar sanda safe da yamma har kumfa ya taso. Babu ma'auni, babu agogo. Kawuna, Allah ya jiƙansa, yakan durƙusa a bakin rami ya shaƙi warin, ya tsoma yatsa ya ɗan taɓa a harshe, ya dubi launin kumfar. Wata rana ina tsaye ya ce wa ɗansa, "Kai, rufe shi, bai nuna ba, sai jibi." Yaron ya ce, "Baba, ai ya yi baƙi." Kawu bai ko ɗago kai ba ya ce, "Idonka ne ya gani, hancinka bai ji ba tukuna." Sai da jibin ta yi aka tsoma zane. Na ga ya fito kore shar kamar ba a yi komai ba, kafin a gama matse shi iska ta buge shi ya juye shuɗi a hannun mai riƙe da shi. Haka za a yi ta tsomawa ana shanyawa, ana tsomawa ana shanyawa, har shuɗin ya koma baƙi.

Gidan bugu kuwa tun daga nesa kunne yake sanar da kai ka iso. Mabuga suna zaune suna fuskantar juna, gungumen itace a tsakaninsu, kowa da ƙaton mabugi a hannu. A barbaɗa garin shuni a kan zanen, a ɗan fesa ruwa, a ninke, a hau duka, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, ba a taɓa karo. Duka ne yake tura shunin cikin zaren har ya yi ƙyalli mai ɗaukar ido. Yaron da aka kawo koyo yakan daɗe yana ninki da miƙa kaya kafin a ba shi mabugi, domin in bai kama amon abokin bugunsa ba, ko ya fasa zane ko ya fasa yatsa. Irin wannan sani ba ya shiga takarda. Sai an zauna, an daɗe, an sha faɗa.

Sai ga Tiga. Gwamna Audu Bako ne ya sa aka tare kogin Kano a farkon shekarun 1970, aka gama madatsar a 1974, daidai lokacin da fari ya gama gasa Arewa da Nijar. Aka ja babban magudani daga can, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, aka baje filaye aka yanka su, aka ja ƙananan hanyoyin ruwa zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragama. Tsarin kashi na farko ya nufi kadada kusan dubu 22. Aka kawo alkama, aka kawo tumatir, masara da albasa suka biyo baya, daga baya shinkafa ta mamaye komai.

Ba zan yarda a yi wa wannan aiki butulci ba. Na san gidajen da a da mazansu suke watsewa cin rani da zarar an gama kaka, wasu Kano, wasu Jos, wasu har Kurmi, su dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Yau a gida suke, har mutanen wasu jihohi ne suke zuwa musu ƙwadago. Kwanon rufi ya maye gurbin azara da ciyawa, an sayi babura da motoci, an je Makka, an sa yara a makaranta. Wanda ya ga kasuwar Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatir, manyan motoci a jere suna jiran lodi zuwa Legas, ya san ba ƙaramin abu ya faru ba. Akwai kuma wahalarsa: tsargiya da ta addabi yaran da suke wanka a magudanai, sauro da ba ya ɗaukewa, faɗuwar farashi in kaya sun yi yawa, da tsutsar nan da ta cinye tumatir a 2016, shekarar da kamfanin Dangote ya buɗe masana'antarsa ta sarrafa tumatir a Kadawa. Amma duk wanda ya san yunwar 1973 ba zai yi jayayya da ruwan Tiga ba.

Abin da ba a lissafa ba shi ne, ruwan ya haɗe rani da damina ya mayar da su abu ɗaya. Ana cire shinkafar damina ana gyaran kwamin tumatir da albasa, ana gama wannan ga alkama ko masara, kafin a juya ga rainon irin shinkafa. Yaron da a da zai yini a karofi yanzu yana korar tsuntsu, ko ban ruwa, ko tsinkar tumatir a biya shi kafin la'asar. Uban da kansa ya yi lissafi: rami yana cin kwanaki kafin ya nuna, turkuɗi yana cin makonni kafin kuɗinsa ya dawo, kwandon tumatir kuwa yau ne. Gonar baba da ta auduga suka koma ta shinkafa. Mata suka ajiye mazari suka kama turara shinkafa da shanyarta, sana'ar da ta sa Kura ta cika da injinan casa, musamman bayan rufe iyakoki a 2019. Macen da ta yini a gaban tukunyar shinkafa ba ta da sauran ƙarfin da za ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" da dare, ko da yaran sun taru, balle ma ba sa taruwa.

Gayya ma haka ta tafi. A da in aiki ya fi ƙarfin mutum sai ya gaya wa sarkin samari, a fito da kiɗan gangar noma, a yi fura da tuwo, a gama gonar kafin azahar. A wurin gayya ne saurayi yake jin kirarin gidansu, yake sanin wane ne kakansa a fagen noma. Noman rani na kuɗi ne, taki da magani da kuɗin ruwa duk da tsada, don haka aiki ma ya koma na jinga. Makaɗin noma ya rasa wanda zai kaɗa wa, ɗansa ya koma acaɓa.

Ba Tiga kaɗai ba ce, kuma rashin adalci ne a ce ita kaɗai ce. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, sannu a hankali ya iso kasuwanninmu, ya fi sauri, ya fi araha, har ya zama marini da yawa ba su ƙara taɓa ganyen baba ba. Farin shekarun 1970 da na 1984 sun kashe dabbobin Buzaye, wato sun talauta manyan masu sayen turkuɗi. Zaren masana'anta ya kori na hannu. Daga baya yadin Sin ya cika Kantin Kwari, ya durƙusar har da manyan masaƙun zamani na Kano da Kaduna, balle masaƙin da yake zaune a gindin bishiya. Da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, marinan da suka rage a Kura sun ji a jikinsu, domin kasuwarsu can take. Duk da haka ina ganin waɗannan sun rage wa sana'ar riba ne, abin da ya yanke ta daga yara kuwa rashin lokacin zama ne.

A Kumbotso tamu labarin ya ɗan bambanta, sakamakon dai ɗaya. Mu birni ne ya cinye mu. Masana'antun Challawa suka ɗebi samari aikin kamfani na dare da rana, gonaki suka zama fulotai, filin da ake dambe bayan kaka aka kafa injin bulo a kansa, Zawaciki ta zama tashar manyan motocin kaya. Yaro a Panshekara ko Sheka yau yana iya kai shekara ashirin bai taɓa ganin an kaɗa zare ba, alhali kakarsa da shi ta yi wa uwarsa kayan ɗaki. Tashe ne kawai ya ɗan yi taurin kai, domin shi lokacinsa yana nan, azumi bai fasa zuwa ba, goma ga wata kuma yara sun san ta.

Wannan ya sa labarin wasu mutane a Amurka, waɗanda ake kira Kaddo, ya tsaya mini a rai. 'Yan asalin ƙasar ne, manoman masara, waɗanda kakanninsu suka shahara da ginin tukwane masu zane mai kyan gaske. An yi ta korarsu daga ƙasarsu har a 1859 aka tattara su aka kai su yankin da yake jihar Okalahoma a yau, inda hedikwatarsu take a garin Binger. Raye-rayensu da waƙoƙinsu sun tsira, musamman rawar da suke kira ta talotalo, wadda mata suke takawa maza suna rera tarihin ƙabilar, saboda ba su daina haɗuwa a filin rawa ba, yara kuma suna wurin. Ginin tukwane kuwa ya mutu murus. Sai a 1991 wata mata cikinsu, Jereldine Redcorn, ta ga tukwanen kakanninta a wani gidan tarihi, ta ƙudura sai ta dawo da su. Babu tsohuwa ko ɗaya da ta rage da za ta nuna mata. Ta koma ga littattafan masu tonon tarihi, ta haƙo yumɓu da kanta, ta yi ta gini tana gasawa da itace suna fashewa, shekara da shekaru, kafin ta kama hanya. A 2009 aka zaɓi tukunyarta aka ajiye a ofishin shugaban Amurka, kuma ta koya wa wasu. Abin a yaba ne ƙwarai. Amma duk wanda ya san sana'ar hannu ya san abin da ta sha wahalar shekaru tana lalube, da ta tarar da kakarta a raye da cikin rani ɗaya ta samu. Kuma akwai abin da bai dawo ba, domin tukunya a gilashi ba ta faɗar me ake cewa yayin gina ta.

Mu ba mu kai can ba tukuna. Har yanzu ana rini a Kura, ana bugu, ana naɗe turkuɗi a kai Nijar da Mali da Chadi. Har yanzu akwai dattawan da suka san haɗin baba na asali, akwai tsofaffin mata da hannunsu bai manta mazari ba. Amma ka duba shekarunsu, ka duba su wa ke zaune kusa da su.

Abin da yake damuna da yadda muke maganar raya al'ada shi ne mun fi son ɓangarenta na kallo. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin gadon al'adun duniya, muka yi murna, kuma ya cancanta. Sai dai mahayin da ya fito cikin rawani ɗan Kura da kore mai sheƙi yana ɗauke ne da aikin mutum goma da ba a gani, in kuwa waɗannan suka ƙare, da yadin kanti za a yi hawan. Gidan Makama yana ajiye kaya, Ƙofar Mata tana karɓar baƙi masu ɗaukar hoto, makarantu suna ranar al'ada inda yara suke sa saƙi na yini ɗaya su ci ɗanwake su koma gida. Duk ba laifi ba ne. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya yi babban aiki da ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni suka shiga aji, ba don shi ba da wasu sun ɓace. Amma littafi yana riƙe labari ne, ba ya riƙe muryar Gizo da tsamin bakinsa, kamar yadda hoton karofi ba ya koya wa hanci komai.

Ni a ganina, tunda ba za a dawo da rani ba, sai a saya wa yaro lokacin da ranin yake ba shi kyauta. Saurayin da zai zauna gaban marini shekara biyu yana asarar kuɗin ƙwadagon tumatir, kuma gidansu da wannan kuɗin ake cefane. In ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Kumbotso, ko attajiran shinkafar da Allah ya buɗa wa, waɗanda da yawansu jikokin marina ne, za su ɗauki nauyin 'yan koyo kaɗan a kowace marina, a biya yaron a biya malaminsa, da an yi abin da taron ƙara wa juna sani ɗari ba zai yi ba. Sarakuna da hakimai da masu naɗi su riƙa tambayar inda aka rina rawaninsu, su biya kuɗin na gaske. Ɗaliban sashen Hausa da na tarihi a Bayero, waɗanda kowace shekara suke neman abin rubuta kundi, ga aiki a bakin ƙofa: waya mai ɗaukar hoto ta isa a bi dattijo tun daga yankan baba har naɗe turkuɗi, a bar shi ya yi bayani da bakinsa, a ajiye inda jikansa zai iya samu. Kuma a duniyar yau akwai masu neman shunin ganye su biya shi da tsada, a Japan da Turai da Amurka, saboda sun gaji da na sinadari. Mutanen Tokushima a Japan da haka suka riƙe nasu rinin, manomin ganye daban, mai ruɓar da shi daban, marini daban, kowa yana cin abinci.

Ruwan da ya kori baba daga gonakin Kura shi ne kuma zai iya dawo da shi, domin ganye ne da ake yanka ya sake tohowa, in ya sami ban ruwa sai a yanka fiye da sau ɗaya a shekara. Kadada kaɗan daga cikin dubban da magudanan Tiga suke shayarwa sun isa a fara. Kafin ganyen ya isa yanka kuwa akwai aikin da ya fi gaggawa: yawancin tsofaffin ramuka sun tsage ko an cike su da shara, kuma masu iya haɗa laso su shafe rami ya riƙe ruwa sun fi masu iya rinin ƙaranci. Da su ya kamata a fara.